Kafaɗun Mashal

Shekara arba'in da ɗaya ina nan zaune,
bene na biyu, lungun maɗinka, Siyalkot,
ina yi wa mazan da ban taɓa gani ba kafaɗu.
Karam Ilahi sunana.
Ban san ƙarar bindiga ba sai ta daren biki,
amma janar-janar na ƙasa goma sha bakwai
da aikin allurata suke shiga taro.

Ran nan takarda ta tsallako teku:
sanduna biyu a gicciye, zoben ganye ya kewaye su,
mikiya a sama, baki buɗe.
Maigida Shafkat ya ce, "Ustad, wanke hannunka.
Wannan ya wuce janar. Mashal ne.
Daga shi sai rufin ɗaki."

Na taɓa yin irinsu.
Larabawa su ce Mushir, a ƙara musu takubba.
Na can gabas tauraro guda suke so, ƙato kamar gurasa.
Wasu biyar, a zagaye, kamar yara sun sa tukunya a tsakiya.
Kowa da sunan da yake kira,
amma ɗora a tafin hannu ka ji:
bai kai nauyin albasa ba.

Kwana goma sha tara.
In wuta ta ɗauke in ja kujera bakin taga.
Ruwa ya cika rafin Aik, gumi ya cika wuyana.
Zaren gwal ba ya yafiya,
ka ja ya tsinke, ka sassauta ya kwanta.
Idon mikiyar nan kaɗai ya ci mini yini biyu
da ɗigon jini ɗaya.
Yana ƙarƙashin fiffiken hagu. Ba mai sani.

Ƙanena Nazir ya yi soja. Igiya ɗaya.
Ya hau dutsen ƙanƙara,
aka sauko mana da akwatin ƙarfe da bargo.
Igiyarsa ta auduga ce, ɗinkin inji,
ba ni na yi masa ba.
Shi nake tunawa in yatsa ya ƙi lanƙwasa.

Jikata Rimsha ta kawo shayi, ta leƙa ta kafaɗata.
"Dada, ka san asalin kalmar?
A wani tsohon harshen Turai, yaron barga ake nufi,
mai share jikin doki, mai kwashe abin da ya kayar."
Na yi dariya har allura ta ɓace a tabarma.

Ran na ashirin waya ta yi ƙara.
Shafkat ya saurara, ya sosa gemu, ya ajiye.
"Kada a aika.
Mutumin ya kwana a fada, ya wayi gari a jirgi.
Wanda ya hau kujerar zaki yake so, ba mikiya ba."
Rabin kuɗin ya bi ruwa.

Wata huɗu suna aljihun tebur
tare da tsohon tabarau da maganin tari.

Sai sanyi ya shigo, lokacin aure ya kama.
Tanwir, ɗan mai wankin lungunmu,
shi ke jan farar goɗiyar da anguna ke haya.
Ya zo in kama masa jar rigar aro,
ta yi masa yawa, kafaɗunta tsirara.
Na dubi rigar. Na jawo aljihun tebur.

Daren nan na gan shi ta taga.
Ganguna a gaba, masu busa, fitilu a kan kawuna,
ango a sama ya ƙanƙame sirdi, fure ya rufe masa fuska.
Yaron a ƙasa, linzami a hannu,
yana raɗa wa goɗiya wani abu a kunne
kada ƙarar ta firgita ta.
Motoci suka tsaya. Kekuna suka tsaya.
Ɗan sandan mararraba ya ɗaga hannu, ya riƙe titi
har sai da ya wuce.

Ta hagun ta ɗan karkace.
Na aika Rimsha ta ce masa ya biyo gobe in gyara.